Tantance Zanen Sura na Tsakiyar Ƙarni na 20 da Adana Shi: Misali daga Gabashin Sakkwato

1.0 Gabatarwa

A cikin gafakar malamai a ƙasar Hausa, ciki har da Wurno da Raba da Goronyo, akan tarar da ganyen takarda mai ɗauke da hatimi ko surar doki ko kunama ko mutum, an zana da 'yan layuka kaɗan, ba don a kwaikwayi halitta sak ba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa zanen da aka yi tsakanin 1940 da 1960 ya fi na ƙarni na 19 shiga haɗari, duk da ƙuruciyarsa.

2.0 Tantancewa

Mataki na farko shi ne a ɗaga takardar a hasken rana. Yawancin takardun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 aka binne shi a Wurno, daga Italiya suka zo ta hanyar Sahara, kuma da tsummoki aka yi su. Akan ga tambarin jinjirin wata uku a jikinsu. Sai dai tambarin kaɗai bai isa hujja ba, domin an ci gaba da shigo da irinta har cikin ƙarni na 20.

Takardar zamanin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Raba, yawanci ta inji ce, wadda aka yi da ɓargon itace. Tsamin da ke cikinta shi ke sa ta yi ja, ta riƙa karyewa a hannu. Watau takardar kaka ta fi ta jika ƙarko.

Bayan takarda sai tawada. Ta gawayi da ƙaro ba ta cin takarda, amma ruwa na wanke ta. Ta gabaruwa da aka haɗa da ƙarfe kuwa takan huda ganye sannu a hankali. In aka ga biro, to zanen bai riga shekarun 1940 ba. Daga nan sai salsala: wa ya zana, a hannun wa ya zauna? Zanen da dillali ya raba da littafinsa ya yi asarar rabin darajarsa ta ilmi, ko nawa aka saye shi.

3.0 Adanawa

Abokan gaban takarda su ne gara da danshin damina da bushewar hunturu da hasken rana. Ambaliyar da ta auka wa yankin Goronyo a 2010 ta isa ishara ga mai ajiye akwati a ƙasa. Har ila yau, gyaran ganganci ya fi gara ɓarna. Salatif yakan bar tabon da ba ya fita, lulluɓe takarda da roba mai zafi kuwa ba shi da warwara. Abin da ya dace shi ne a shimfiɗa zanen tsakanin farar takarda marar tsami, kada a ninke shi, a ɗora shi bisa kanta a ɗaki mai iska, a kuma ɗauki hotonsa gaba da baya.

4.0 Kammalawa

Cibiyoyi kamar Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna sun tara rubuce-rubucen masu jihadi. Ya kamata manazarta su waiwayi na tsakiyar ƙarni na 20 tun da sauran masu iya faɗin wanda ya zana su.