Daga turmi zuwa akushi: yadda ake gadon girki a gidajen Hausawa

Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomi a gonarsa, ma'aikaci a biro, ɗan lekol a aji, kowa da ƙarfin abin da ya fito daga tukunyar gidansu yake aiki. Amma in ana zancen cimaka a tarurrukan hukuma, akan tsaya ne ga ruwan sama, da iri, da taki, da yawan damman da aka sa a rumbu. Ba a cika tunawa ba cewa tsakanin rumbu da bakin mai ci akwai wani ilimi mai zurfi wanda ba ya cikin littafi, uwa ce ke miƙa shi ga ɗiyarta a gindin murhu. A karkarar Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, har cikin unguwannin Yamai, wannan ilimi ne ke riƙe da lafiyar iyali da zumuntarsu. A yau hanyar da yake bi daga uwa zuwa ɗiya ta fara ƙuntata, don haka ya cancanci a dube shi da idon basira.

Matakan koyo

Yarinya takan fara ne da wasan tuwon ƙasa, tana da shekara 4 ko 5, da gwangwani a matsayin tukunya da kara a matsayin muciya. Daga nan sai ƙananan ayyuka: ɗebo wuta a maƙwabta, tsince ganye, wanke ƙore, iza icce. In ta kai shekara 7 ko 8 sai a ba ta ƙaramar taɓarya ta shiga lugude tare da yayyenta. A nan take sanin cewa hatsi ba ya zama gari sai ya bi hanya mai tsawo: a sussuke zangarniya, a sheƙe, a surfa, a bakace dusa, a wanke, a bari ya tsane, a daka, a tankaɗe, a ware gari daban tsaki daban. Ba a zubar da komai. Dusa ta dabbobi ce, ƙasari ma yana da nasa amfani.

Tuƙin tuwo yakan zo daga baya, sa'ad da hannun yarinya ya yi ƙwari. Sai ruwa ya tafasa a yi talge, a bar shi ya nuna sosai, sannan a riƙa zuba gari kaɗan kaɗan ana tuƙawa. Wadda ta yi gaggawa ta juye gari gaba ɗaya, tuwonta zai cika da gudaji. Wadda ba ta bar talge ya nuna ba, tuwonta zai yi warin ɗanyen gari, kuma ba zai kwana lafiya a yi ɗumame da shi ba. Bayan tuƙi a rufe tukunya ya turara, sannan a kwashe da mara, a gyara malmala cikin akushi. Duk wannan babu sikeli babu agogo. Abin da uwa kan ce kawai shi ne: «Ƙara gari, ɗiyata, har ki ji muciya ta yi nauyi.»

A wajen miya ake gane gwana. Kowace miya da halinta: kuka tana son kaɗi da maburgi don kada ta dunƙule, guro ɗanye ba a dafa shi kamar busasshe, yakuwa sai an san yadda za a rage mata tsami. Akwai daddawar kalwa ta ɗorawa, akwai daddawar batso da ake yi da ƴaƴan yakuwa. Akwai gabu na busasshen ganyen albasa, da albasar Galmi, da jan tattasan Difa. Gidaje biyu na iya sayen waɗannan kaya a kasuwa ɗaya, miyarsu ta fita dabam. Shi ne abin da ake kira hannu, kuma shi ake gado.

Abin da masana suka tarar cikin tukunya

Binciken masana abinci ya gaskata da yawa daga cikin dabarun tsofaffi. Jiƙa hatsi da barinsa ya tsima kafin a yi koko yana rage wani sinadari da ke hana jiki cin moriyar ƙarfen da ke cikin ƙwaya, alhali wannan ƙarfe shi ke gina jini. Haɗa hatsi da wake, ko shinkafa da wake, yana cika abin gina jiki, domin abin da ɗaya ya rasa yana wurin ɗayan. Ganyen kuka yana da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, zogala kuwa tana da bitamin A mai kare ido. Ɗan garin tsiron hatsi, in an barbaɗa shi cikin kunu mai kauri, yakan tsinka shi ba tare da an ƙara ruwa ba, ta haka yaron da ya wuce wata 6 zai sha kaɗan ya samu ƙarfi mai yawa.

Sai dai ba duk abin da aka gada ne ke da amfani ba. Kanwa tana sa wake ya yi saurin nuna, amma yawanta yana kashe bitamin B. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna cewa yawan shan kunun kanwa, haɗe da wankan jego mai tsananin zafi, yana da hannu cikin ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Surfe ma in ya wuce kima yakan tafi da albarkar ƙwaya cikin dusa. Ke nan koyon girki na gari ya haɗa da riƙe mai kyau da gyara abin da ke cutarwa.

Darasin shekarun fari

Darajar wannan ilimi ta fi fitowa fili a lokacin tsanani. Ƙasar Hausa ta ga yunwar Kakalaba a 1913 da 1914, ta ga farin 1973 da 1974, ta ga yunwar 1984 da 1985 wadda mutanen Maraɗi suka sa wa suna El-Buhari, sannan ta ga ƙarancin cimaka na 2005. A waɗannan shekaru, gidajen da ke da tsohuwar da ta san daji sun fi jimrewa. Ita ta san cewa ƴaƴan anza ba sa ciwuwa sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa har ɗacinsu ya fita. Ita ta san yadda ake sarrafa jiga, da tafasa, da yaɗiya, da yadda ake fid da ƙwayar ƙarangiya daga ƙayarta. Ita ta san yadda za a ja tiya ɗaya ta hatsi, wato wajen kilo 2 da rabi, ta hanyar yin kunu ko dambu da ganye mai yawa, har ta kai iyali kwanakin da tuwo ba zai kai su ba. Irin wannan sani, in mai shi ta kwanta dama ba ta koya wa kowa ba, ya tafi ke nan, kuma ba a sayensa a kasuwa ranar da aka buƙace shi.

Akushi ɗaya, hannu da yawa

Abincin gida bai tsaya ga cika ciki ba. Da marece, magidanta kan fito da akussansu ƙofar gida su yi ciyayya da maƙwabta, mata su ci nasu a cikin gida, yara kuma su kewaye ƙwarya ɗaya. A nan yaro ke koyon wanke hannu, da yin bisimilla, da ci da hannun dama, da tsayawa ga gabansa, da jiran babba ya raba nama. A nan ake jin labarin gona da na kasuwa, a sasanta ƙananan saɓani, kuma bayan an suɗe ƙwarya kaka ta buɗe tatsuniya.

Shekara ma da abinci ake tuna ta. Damina tana zuwa da ɗanyen guro da kwaɗon tafasa, kaka tana zuwa da tumu da furar sabon hatsi. Azumi yana da kunun tsamiya da ƙosai, daren cika-ciki yana da nasa tuwo. Ranar layya a Nijar akan soke raguna a jikin itace, a jera su kewaye da babbar wuta su wuni suna gasuwa, sai washegari a raba wa dangi da maƙwabta. Suna yana da ƙauri, aure yana da gara, kuma alkakin Damagaram ya yi suna a wannan fage. Amarya kuwa, bayan kwanakin amarci, girkinta na farko shi ke gabatar da ita ga dangin miji, kuma da shi ake auna tarbiyyar gidan da ta fito.

Ɗan ci-rani shaida ne ga ƙarfin wannan igiya. Mai tafiya Legas, ko Abijan, ko Libiya, da wuya ya ɗaure kaya ba a cusa masa garin kuka, da busasshen guro, da daddawa, da yaji ba. In ya komo bayan shekara biyu ko uku, abin da yakan fara nema shi ne tuwon innarsa. Mutum na iya manta shekarar da aka yi wani abu, amma ba ya manta ƙamshin miyar gidan da ya tashi.

Sauyin zamani

Zamani ya kawo sauƙin da ba mai musunsa. Injin niƙa ya sauke wa mata wahalar dakan asuba. Murhun ƙarfe da aka sa wa suna Mai Sauƙi, wanda aka yaɗa a birane cikin shekarun 1980, ya rage cin icce, ga shi kuma iskar gas ta shiga gidaje da dama. Ɗiya mata da yawa suna lekol, iyayensu mata suna aiki a biro, ko gidan likita, ko kasuwa. Wannan ci gaba ne.

Amma sauƙin ya zo da giɓi. Yarinyar da ke fita da safe ta komo da marece ba ta tarar da tukunya bisa wuta, sai dai abinci a kwano. A gidajen ma'aikata, sau da yawa ƴar aiki ce ke girki, ɗiyan gida na kallo daga nesa. Shinkafa da makaroni, da yake ba su buƙatar surfe ko tuƙi, sun ture tuwo a birane, dunƙulen kanti kuma ya ture daddawa. Ta haka akan sami budurwa ta kai aure ba ta taɓa riƙe muciya ba.

Abin yana taɓa aljihu. Mafi yawan shinkafar da ake ci a Nijar daga waje take zuwa, alkamar makaroni ma haka. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan waje sun yi tsada ƙwarai. Da aka rufe iyakoki a 2023, kuɗin buhun shinkafa ya hau. A irin waɗannan lokuta, gidan da ya iya sarrafa hatsi, da dawa, da wake yana da mafita, wanda bai iya ba kuwa sai bashi. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman hatsi a duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa, kuma a 2018 an fito da wani iri mai suna Shakti a Nijar, mai yawan sinadarin ƙarfe. Duk wannan ba zai amfani manomi ba in masu saye a birni ba su iya dafa abin da ya noma ba.

Abin da ya kamata a yi

Ba wanda zai ce a fid da yarinya daga aji domin ta tsaya bakin murhu. Karatu da girki ba kishiyoyi ba ne. Akwai Asabar da Lahadi, akwai babban hutu da ke faɗowa cikin damina. Uwa tana iya sakar wa ɗiyarta girkin yini ɗaya a mako, ta zauna kusa tana gyara mata, ta daure kada ta karɓe muciya. In akwai kaka ko gwaggo a ƙauye, hutun wata ɗaya a wurinta ya fi dogon bayani.

Yara maza ma kada a bar su a baya. Masu tsire, da masu kilishi, da masu shayi duk maza ne, ba wanda ya ga aibinsu. Ɗalibin da ya tafi jami'a a Yamai, da malamin lekol ko ma'aikacin gona da aka tura ƙauye mai nisa, in ya iya dafa wake da kaɗa miya ya tsare lafiyarsa da albashinsa. Magidancin da matarsa ta kwanta ciwo kuma ba zai bar yara da yunwa ba.

Waɗanda suka iya karatu da rubutu da Hausa suna da wani aiki na musamman. Kaye ɗaya da alƙalami sun isa. A zauna da tsofaffin gida a rubuta kowane girki: tiya nawa, ludayi nawa, me ake fara sawa, wace alama ke nuna ya nuna. A rubuta sunan wadda ta koyar da garin da ta fito, domin jikoki su san inda miyarsu ta samo asali. A ba da fifiko ga abincin lokacin tsanani, tun da shi ya fi kusa da ɓacewa. Jami'an da ke kula da cibiyoyin mata, da gidajen likita, da makarantun da ake ciyar da yara, suna iya gayyato gwanayen unguwa su koyar, su kuma sa hatsi da wake na ƙasa cikin tukunyarsu.

Saura magidanta. Tuwon farko na yarinya ba ya rasa gudaji, miyarta ba ta rasa yawan gishiri. Uban da ya ci ya sa albarka ya ba ta ƙarfin komawa madafa gobe, wanda ya ture akushi kuwa ya kashe mata gwiwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: abin da za a nema wurin amarya da magidanci gobe, yau ake koya shi, tun tsofaffin da suka san shi suna da rai da lafiya.