Fambel mai zagaye inji

Fambel mai zagaye inji wani dogon bel ne na roba mai layi-layi a cikinsa, wanda yake ɗaukar ƙarfi daga inji ya juya na'urori da dama a lokaci guda: altanetar da ke cajin batir, famfon sitiyari, kwamfaresar sanyaya mota, a wasu motocin har da famfon ruwa. Kamfanin Ford na Amurka ya yi amfani da shi a motar Mustang ta 1979. Kafin nan kusan kowace na'ura da nata bel.

Alamomin lalacewa

Da yake bel ɗin guda ne, idan ya tsinke duk na'urorin nan za su tsaya: sitiyari ya yi nauyi, fitilar batir ta kama, inji kuma yana iya ɗaukar zafi. Alamomin farko su ne ƙara idan an tayar da mota, tsagewa da zarewar gefe. Bel na robar EPDM bai cika tsagewa ba, sai dai layukansa su cinye, don haka ana auna zurfinsu. Yakan yi kilomita 100,000 zuwa 160,000, amma yoyon mai da ƙura suna rage masa kwana.

Sauyawa

Ana kashe inji, a zana hanyar da bel ya bi, a sassauta abin da ke ɗame shi da sifana, sannan a cire. Bayan an ɗora sabo, a tabbatar layukansa sun zauna daidai kafin a tayar da mota.