Ousmane ko Usman? Gurbin ɗalibin kimiyyar harshe a aikin sa ido kan bankuna

Ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa zaman koyon aiki a fannin nazarin bayanai da kwamfuta na masu karatun lissafi ne kawai. Amma a harkar sa ido kan kuɗi, wani kaso mai tsoka na bayanan da ake tacewa rubutu ne: sunayen mutane, sunayen garuruwa da dalilan aika kuɗi.

Bankunan Nijar suna ƙarƙashin Babban Bankin BCEAO da ke Dakar, da Hukumar Bankuna ta UMOA wadda aka kafa a 1990, mai mazauni a Abijan. Wajibi ne kowane banki ya san abokin hulɗarsa, ya gwada sunansa da jerin waɗanda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaƙaba wa takunkumi, ya kuma sanar da hukumar CENTIF duk wata hada-hadar da ta jawo shakku. Ɗalibin da ya sami gurbi a sashen da ke wannan aiki, abin da za a fara damƙa masa shi ne gyara bayanai da daidaita sunaye.

A nan ne harshe ke shigowa. Ɗan kasuwar Maraɗi da takardunsa ke ɗauke da Ousmane, a Katsina Usman za a rubuta masa. Tsohuwar dabarar Soundex, wadda aka tsara don sunayen Ingilishi, tana riƙe harafin farko ta mayar da sauran baƙaƙe lambobi. Don haka Ousmane ya zama O255, Usman kuma U255, sai na'ura ta ɗauke su mutum biyu. Ma'aunin Levenshtein na 1965 kuwa yana ƙirga haruffan da za a sauya kafin kalma ta koma wata. A wurinsa tazarar Ousmane da Usman biyu ce, alhali ta Hasan da Hasana ɗaya ce tak, duk da cewa wannan namiji ne, waccan mace.

Kuskure a nan yana da tsada. Idan ma'aunin ya yi sassauci, a tsare kuɗin bawan Allah saboda sunansa ya yi kama da na wani. Idan ya yi tsauri, mai halatta kuɗin haram ya sulale ta hanyar sauya harafi guda. Wanda ya san cewa «ou» na Faransanci shi ne «u» na Hausa, «tch» kuma «c», kuma Mamman da Mahamadou asalinsu ɗaya, zai iya rubuta ƙa'idojin da za su rage kuskuren ta fuska biyun.

Saboda haka ɗalibin da ke sha'awar wannan gurbi ya haɗa ilimin tsarin sauti da ƙa'idojin rubutu da ɗan sanin Python da SQL. Ya kuma sani cewa sirrin banki ya hau kansa tun ranar farko: sunan abokin hulɗa ko ɗaya ba ya shiga rahoton da zai miƙa wa malaminsa, sai misalan da ya ƙirƙira da kansa.