Ko Kun Sani? Fayil Ɗaya a Na'ura Biyu

Ko kun san cewa manhajar da ke daidaita fayil tsakanin kwamfuta da waya ba lalle ta sake tura fayil ɗin gaba ɗaya ba? Tun 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fito da manhajar rsync a Ostareliya. Ita tana yanka fayil gunduwa-gunduwa, ta gwada da kwafin da ke ɗaya ɓangaren, ta aika iya abin da ya canza. Ga mai sayen data da tsada, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma wanda ya jingina da intanet kaɗai yana tare da haɗari. 'Yan kasuwar Suk al-Arabi da ke tsakiyar Khartum, kusa da Babban Masallaci, sun ga haka: daga 3 ga Yuni zuwa 9 ga Yuli 2019 an katse intanet na wayar hannu a Sudan, aka sake katse shi bayan juyin mulkin Oktoba 2021. A irin wannan yanayi, in mai shago ya gyara littafin bashi a kwamfuta, yaronsa a Omdurman ya gyara nasa a waya, ranar da layi ya dawo kwafi biyu ne za su yi karo, sai mutum ya zauna ya tantance da kansa.

Kuma abin da ka goge a na'ura ɗaya, in an daidaita, a ɗayar ma ya tafi. Don haka, mai karatu, ka riƙa ajiye kwafi daban a filash ko faifan waje.