Diyyar Gonakin Da Bututun Mai Ya Ratsa: Tsakanin Manomi Da Dillali

A ranar 30 ga watan Yuni na shekarar 2020 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta ta Jihar Kogi, ya bi ta Abuja da Kaduna har zuwa Kano, tafiyar kilomita 614. Wannan ba shi ne karo na farko da bututu ya ratsa ƙasar Arewa ba, domin tun lokacin da aka buɗe matatar mai ta Kaduna a shekarar 1980 aka fara turo mata ɗanyen mai daga Kudu ta cikin bututu, daga nan kuma waɗansu suka miƙa zuwa Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne, kusan kowane kilomita na wannan doguwar hanya gonar wani ce, kuma abin da mai gonar zai samu ya danganta ne ga 'yan kwanaki kaɗan, da kuma mutumin da ya wakilta ya tsaya masa a cikinsu.

Abin Da Doka Ta Tanada

Dokar Bututun Mai ta shekarar 1956 ita ce ta aza harsashin wannan al'amari. Ta tanadi cewa sai kamfani ya sami izinin yin safiyo kafin ya shiga gonakin mutane, sa'an nan ya nemi lasisin shimfiɗa bututun a kan zirin ƙasa wanda faɗinsa bai wuce ƙafa 200 ba, watau kimanin mita 60. Har wa yau ta wajabta wa mai lasisin ya biya diyya ga duk wanda aikin ya yi wa ɓarna, idan kuwa aka kasa daidaitawa a kan kuɗin, to, kotu ce za ta yanke. Dokar Man Fetur ta shekarar 2021 ta sauya tsarin hukumomin da ke kula da harkar, amma hakkin diyya yana nan, kuma sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya ƙarfafa shi.

Sai dai akwai wata doka da ya kamata kowa ya fahimta, watau Dokar Amfani da Ƙasa wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na shekarar 1978. Ita ce ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon soke hakkin mai riƙe da fili saboda bukatar jama'a, kuma an ambaci bututun mai da sunansa a cikin irin waɗannan bukatu. Saboda haka a aikace, yawancin abin da ake biya ba kuɗin ƙasar ba ne, kuɗin abin da ke kanta ne: amfanin gona, da itatuwa masu ba da amfani, da gine-gine, da rijiyoyi.

Ranar Ƙidaya

To, a nan ne gizo ke saƙa. Idan zirin mita 30 ya ratsa gona mai tsawon mita 100, manomi ya yi asarar kusan kashi uku cikin huɗu na eka guda, ba zai ƙara gini a wurin ba, ba zai dasa itace ba. Diyyar kuwa sau ɗaya ake biyanta, bisa ga abin da ma'aikata suka ƙirga suka rubuta a ranar da suka zo. Ɗorawar da ba ta shiga takarda a ranar ba, ko kaɗanya, ko mangwaro, ko tsamiya, da wuya a sake waiwayarta, alhali kuwa itace ne da iyali suka shekara da shekaru suna cin moriyarsa. Haka kuma ƙidayar da aka yi da rani, lokacin da gona ba ta da komai sai karan dawa, ba za ta yi daidai da wadda aka yi da damina ba.

Al'adar riƙon gona a ƙasar Hausa ta ƙara wa al'amarin nauyi. Akwai gonar gandu ta gado wadda ba a raba ba, wadda 'yan'uwa mata ke da rabonsu a ciki ko da suna aure a wani gari. Akwai gonar aro, da ta haya, da ta jingina, inda mai ƙasa daban, mai shuka daban. Idan aka rubuta sunan mutum ɗaya a madadin kowa ba tare da shaidu ba, kuɗin da ya kamata ya share hawaye sai ya zama sanadin shari'a da yanke zumunci.

Dillali Iri Biyu Ne

Da zarar an ji labarin bututu zai bi ta wani yanki, sai ka ga mutane sun fara sintiri a ƙauyuka da takardu a hannu. Wajibi ne a rarrabe su. Akwai ƙwararrun masu ƙiyasta darajar kadara, waɗanda hukumar da Dokar Soja mai lamba 24 ta shekarar 1975 ta kafa take yi wa rajista. Irin waɗannan suna da lambar rajista da hatimi, suna iya tsayawa tare da ma'aikatan gwamnati a ranar ƙidaya su yi nasu lissafin, idan kuma suka ci amana akwai inda za a kai ƙararsu. Ladansu kaso ne daga cikin diyyar, galibi kashi 10 cikin 100, kuma sau da yawa abin da suke ƙwato wa manomi ya fi abin da suke karɓa.

Akwai kuma dillalin fili na kasuwa, wanda sana'arsa haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada. Ba laifi ba ne sana'arsa, amma diyya ba ciniki ba ce, kuma ba shi da ilmin ƙiyasi ko wata hukuma da za ta tsawata masa. Hanyoyin da manoma suka fi cutuwa sanannu ne. Wani yakan sa a dangwala yatsa a takardar wakilci da aka rubuta da Turanci, wadda ta ba shi ikon karɓar kuɗin da kansa. Wani yakan riga kowa jin inda bututun zai bi, ya sayi gonar da araha, ya kafa 'yan ginin bulo na gaggawa don a ƙirga masa. Wani kuma yakan ba da ɗan kuɗi a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da sharaɗin diyyar ta zama tasa in ta fito. Ya kamata a sani cewa a ƙarƙashin dokar 1978, sayar da gonar karkara ba tare da amincewar hukuma ba ciniki ne da ba shi da tsayayyar ƙafa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ma'aikata su iso, ya dace mai gona ya zagaya da mai unguwa da maƙwabtansa na iyaka, a ƙirga itatuwa iri-iri, a rubuta, a ɗauki hoto. Magada su zauna su daidaita a kan wanda zai wakilce su, mai aro da mai ƙasa su bayyana rabon kowa a gaban dagaci. A ranar ƙidaya mai gona ya tsaya da ƙafarsa, kuma kada ya sa hannu sai an karanta masa abin da aka rubuta, an ba shi kwafi. Idan zai ɗauki wakili, ya nemi ganin shaidar rajistarsa, a rubuta ladansa a fili, kuma kuɗin ya shiga asusun mai gonar, shi ne zai cire ya biya wakilin.

Akwai nauyi a wuyan ma'aikatan ƙananan hukumomi da na ma'aikatun ƙasa da safiyo. Sanarwar da aka manna a sakatariya da Turanci ba ta isa ga mutumin ƙauye ba. A yi shela a kasuwa da masallaci da gidan rediyo, a kuma bayyana farashin da gwamnati ta ƙayyade wa kowane itace da kowace shuka, domin duhun da ke kan farashin nan shi ne jarin macuci. Ɗalibai kuwa, waɗanda da yawansu 'ya'yan manoman nan ne, babban taimakon da za su yi wa iyayensu shi ne su karanta musu takarda kafin a dangwala yatsa. Bututun zai shekara da yawa a ƙarƙashin ƙasa yana amfanar birane da masana'antu, saboda haka bai kamata a ce wanda ya ba da gonarsa shi ne ya tashi a tutar babu ba.