Lissafin Ambaliyar Kogin Kaduna: Yadda A Ke Gwada Shi da Ambaliyar Baya



Makasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda masana ruwa su ke lissafa yawan ruwan da zai biyo kogi bayan an yi ruwan sama, da kuma dalilin da ya sa ba a amincewa da lissafin sai an gwada shi da ambaliyar da ta riga ta auku. Na zaɓi Kogin Kaduna domin shi ne a bakin ƙofarmu. Mutanen Malali da Unguwar Rimi da Kigo Road da Kabala Doki ba su manta da daminar 2003 ba, sa'ad da kogin ya tumbatsa ya shiga gidaje, haka kuma ya sake yi a daminar 2012.

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kilomita wajen 550 kafin ya faɗa Kwara daura da Fategi. Kafin ya iso garin nan ya kan karɓi ruwan Galma, wanda ya biyo ta Zariya, da na ƙoramu masu yawa. Dukan ƙasar da ke juye ruwanta cikinsa ita a ke kira kwarin kogi. Saboda haka ruwan da ya ci gida a Unguwar Rimi sau da yawa ba a Kaduna ya sauka ba, a can nesa a ka sheƙa shi tun kwanakin baya.

To, nawa ne daga ruwan saman ke isa kogi? Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in kilomita 1 lita miliyan 1 ke nan. Alal misali, a ce an yi ruwa milimita 50 a kan fili mai murabba'in kilomita 100, watau lita miliyan 5,000. In a watan Mayu ne, ƙasa na da ƙishi, mai yiwuwa kashi ɗaya cikin biyar kaɗai zai gangara. In kuwa cikin marka ne, ƙasa ta ƙoshi, fadamu sun cika, sai kashi uku cikin biyar su kwararo. Ruwan sama ɗaya ne, amma abin da kogi ya samu ya ninka sau uku.

Wannan ne ya sa a ka ƙirƙiro samfurin lissafi, watau jerin ƙa'idodi da ke kwaikwayon halin kwari: abin da ƙasa ke sha, da abin da rana ke ƙafarwa, da abin da ke malala, da tsawon lokacin da ya ke ɗauka kafin ya isa gari. Tun 1851 wani injiniya na ƙasar Ailan, Mulvaney, ya fito da hanya mai sauƙi ta ƙiyasta ƙololuwar ruwa. A 1966 Crawford da Linsley na Jami'ar Stanford a Amurka su ka fitar da mashahurin samfurinsu mai aiki da kwamfuta. Amma kowane samfuri yana da waɗansu lambobi da ba a iya auna su da hannu. Wa zai auna shan ruwan kowace gona daga Jos zuwa Kawo, alhali nan jigawa ce, can laka, gaba marmara?

Dabarar ita ce irin ta mai sikeli a kasuwa, wanda ya kan ɗora dutsen awo da a ka san nauyinsa, ya yi ta gyara har allura ta tsaya daidai. Dutsen awonmu shi ne ambaliyar baya. A kan ɗauki ruwan saman da a ka rubuta a wata shekara, a ba samfuri, sa'an nan a kwatanta abin da ya fitar da abin da sandar awo ta nuna a bakin kogi. Abu uku a ke dubawa: tsayin ƙololuwar ruwa, da sa'ar da ta iso, da jimillar ruwan da ya wuce. In sun saɓa, a juya lambobin, a sake. A 1970 Nash da Sutcliffe su ka kawo ma'aunin wannan dacewa: in ya ba da 1, lissafi ya yi daidai ƙwarai, in ya ba da sifiri, bai fi a ɗauki matsakaicin ruwan kogi a yi ta faɗa kullum ba.

Har wa yau aiki bai ƙare ba. Lalle ne a ɓoye wa samfurin waɗansu shekaru, kamar yadda malami ba ya jarraba ɗalibi da tambayar da ya riga ya ba shi amsarta. In an daidaita shi da ambaliyar 2003, sai a gwada shi da ta 2012 ba tare da an taɓa lambobinsa ba. In ya faɗi, to, hadda ya yi, bai fahimci kogin ba.

Akwai tarnaƙi guda uku. Na farko, sandar awo tsayin ruwa kaɗai ta ke nunawa, sai an juya tsayin zuwa yawan ruwa da jadawalin da galibi a ka tsara lokacin da kogi ke cikin hankalinsa. Ran da ya haye gaɓa, ma'aikaci ba ya iya kusantarsa, wani lokaci ma sandar kanta ruwa ya shanye ta. Ke nan ambaliyar da mu ka fi bukatar saninta ita ce awonta ya fi rauni. Na biyu, hadarin ƙasarmu ya kan zuba a wannan ƙauye ya tsallake na kusa, saboda haka ma'aunan ruwan sama ƙalilan ba su isa su wakilci kwari duka ba. Hotunan tauraron ɗan'adam sun taimaka, amma su ma sai an gwada su da awon ƙasa. Na uku, kwarin kansa yana sakewa. Lambobin da a ka samu a shekarun fari na 1973 da 1984 ba za su dace da yau ba, domin an sare daji, an haƙa madatsar Kangimi tun shekarun 1970, kwalta da kwano kuma sun rufe fadamun da dā ke shanye ruwa.

Me ya kamata a yi? Muna da Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a nan Mando, ga kuma NiMet mai awon ruwan sama, da NIHSA mai lura da koguna da fitar da hasashen ambaliya kowace shekara. Wajibi ne a riƙa karanta sandunan awo kowace rana, a kuma adana tsofaffin littattafan awo, domin da tsohuwar zuma a ke magani. Bugu da ƙari, ina kira ga ɗalibanmu su shiga unguwannin bakin kogi, su auna zanen da ruwa ya bari a jikin bango da ƙafar gada, su tambayi dattawa ranar da ruwa ya shigo da sa'ar da ya janye. Wannan shaida ita ce ke cike giɓin da sanda ta bari. Da ita ne za a iya gaya wa mai gida a Kigo Road ya kwashe iyalinsa tun da rana, a kuma gaya wa mai neman fili inda bai kamata ya kafa tubali ba.