Kafin Ku Ajiye Tarakta, Ku Tuna da Batir

Wata rana a farkon damina na ziyarci wata ƙungiyar manoma da muke aiki tare. Ruwa ya riga ya sauka sau biyu, ƙasa ta yi laushi, mutum goma sha ɗaya kuwa sun biya kuɗin huɗa suna jiran tarakta. Direba ya duba mai, ya duba ruwa, ya hau, ya murɗa makulli. Sai muka ji "ƙat", shi ke nan. Ya sake murɗawa, ko ƙat ɗin ma ba mu ƙara ji ba.

Aka ɗora batir a kan babur aka kai wa mai caji a gari. Ya kwana biyu a can, sa'an nan aka aiko da cewa ba ya riƙe wuta. Ma'aji kuma ya ce kuɗin da ke hannunsa an zuba su a taki. Kafin a tara na sabon batir an yi kwana goma sha shida, waɗansu sun gaji da jira sun koma ga garma, waɗansu sun yi shuka a makare. A taron da aka yi bayan haka, an zargi direba, an zargi mai kanti cewa jabu ya sayar musu. Ni dai da na duba takardar saye, na ga batir ɗin bai kai shekara ɗaya da rabi ba, aikin da ya yi kuwa bai wuce na wata uku ba. Sauran lokacin duk yana zaune ne a jikin tarakta cikin rumfar kwano, da wayoyinsa a ɗaure, ba wanda ya leƙa shi. Zaman nan shi ya kashe shi.

Wannan ba ga tarakta kaɗai yake faruwa ba. Akwai a-kori-kura da ake ajiyewa duk damina saboda rafi ya yanke hanya. Akwai injin ban ruwa mai makulli da ba a taɓawa sai rani. Akwai motar ɗan'uwan da ya tafi karatu ko aiki a nesa. Duk maganarsu ɗaya ce.

Abin da ke faruwa a cikin akwatin

Batir na mota tsohuwar dabara ce. Wani mutumin Faransa mai suna Gaston Planté ne ya ƙago irinsa a 1859, har yau kuma tushen aikinsa bai sake ba. A cikin akwatin akwai gidaje 6, kowane gida yana da allunan darma a tsome cikin ruwan asid. Kowane gida yana ba da wuta bolt 2 da ɗan kaɗan, shi ya sa in an haɗa su duka ake cewa batir mai bolt 12.

Sa'ad da batir yake ba da wuta, asid ɗin yakan haɗu da darmar, sai wani farin abu kamar gishiri ya kwanta a kan allunan. Wannan ba laifi ba ne, haka aikinsa yake. Da an yi masa caji, farin abin yakan narke ya koma cikin ruwan. Amma in aka bar batir ba caji mako bayan mako, sai abin ya daskare ya yi tauri, caji ba ya iya narkar da shi kuma. Manomi ya san wannan a gonarsa: ƙasar da aka huɗa da danshi daban take da wadda aka bari ta bushe ta kafe. Duk inda gishirin nan ya kafe a kan allo, wurin ya mutu. Shi ya sa za a kai batir wurin caji, a ga kamar ya cika, kashegari kuwa ba ya ko kunna fitila.

To, ina wutar take tafiya, tun da ba a tayar da injin ba? Ta hanya biyu take zurarewa.

Ta fari ita ce jikin motar kanta. Motocin yanzu ba sa barci sarai ko an cire makulli. Agogo yana ci, rediyo yana ci don ya riƙe tashoshinsa, kwamfutar injin tana ci, haka ma na'urar kulle ƙofofi. Abin da suke ja ƙanƙane ne, yawanci tsakanin kashi 20 da kashi 50 cikin 1000 na amfiya ɗaya. Amma bari mu yi lissafi irin na 'yan aji shida. Mu ɗauka kashi 40 ne. A sa'a 24 ya zama kusan amfiya-awa 1. A wata ɗaya, kusan 30. In batir ɗinku mai 60 ne, kamar yadda akan rubuta a jikinsa, to, rabinsa ya tafi a wata ɗaya, a wata biyu kuwa ba sauran kome. Tsohuwar tarakta ba ta da kwamfuta, gaskiya ne, amma tana da wayoyin da suka goge, da waɗanda ɓera ya ci, wani lokaci kuma altaneta mai lahani yakan riƙa mai da wuta baya ba wanda ya sani. Ƙura da danshi a saman batir ma sukan zama hanya tsakanin kawunansa biyu.

Hanya ta biyu a cikin batir ɗin take. Ko an cire shi an ajiye a ɗaki, yakan rage da kansa, kusan kashi 3 zuwa 5 cikin 100 kowane wata in wurin yana da sanyi. Zafi yana gaggauta abin ƙwarai: duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka shi. Ku tuna da yadda rumfar kwano take a watan Maris da Afrilu, sa'an nan ku ga dalilin da ya sa shawarar da ake bayarwa a ƙasashen sanyi ba ta ishe mu ba.

Cire waya yana toshe hanya ta fari ne kaɗai. Ta biyu sai caji. Wannan shi ne abin da na fi so kowane sakataren ƙungiya ya riƙe, gama na sha jin mutane suna cewa, "Ai mun cire kan batir," su tafi su bar shi wata takwas.

Yadda za a cire

Kada a ajiye batir da yunwa. Ranar da aka gama aikin shekara, a tabbata ya cika. In akwai shakka, a kai shi wurin mai caji tukuna. Wanda aka ajiye a cike yana da sauran kwana, wanda aka ajiye da rabi kuwa ya riga ya fara lalacewa tun ranar.

A kashe injin, a zare makulli a sa a aljihu. In mota ce mai kulle kanta, a bar gilashi ɗaya a buɗe har a gama, kada ta kulle ku a waje. A cire zobe da agogon hannu. Ba taba, ba fitilar kananzir kusa, domin batir yana fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi kaɗan ya isa ya sa ta fashe.

Batir yana da kai biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa (+), ya fi kauri kaɗan, wayarsa yawanci ja ce. Ɗayan yana da alamar ɗebewa (−), wayarsa yawanci baƙa ce, ita ce aka ɗaure a jikin ƙarfen motar. Wannan baƙar ita ake fara cirewa, kullum. Ga dalili. Muddin baƙar waya tana ɗaure, dukan ƙarfen motar yana haɗe da batir. In ka sa sifana a kan jan kai, wutsiyar sifanar ta taɓa bodi, to, ka haɗa kawunan biyu ke nan da hannunka. Sifana takan yi ja nan take, ta ƙone yatsu, wani lokaci har batir ya fashe ya watsa asid a fuska. Amma in ka fara da baƙar, ko sifana ta taɓa bodi ba abin da zai faru, bayan ta fita kuma jan kai ba shi da sauran haɗari daga bodi.

Kada ku dogara ga launin waya kaɗai. Na ga motoci da yawa da aka yi musu gyara da kowace wayar da aka samu, ja a wurin baƙa. A duba alamar da ke jikin batir, a bi wayar da ido a ga wadda ta tafi ga ƙarfe. Akwai ma waɗansu tsofaffin taraktoci da motocin Ingila na da can da aka ɗaure kan tarawa a bodi. A irin waɗannan, wayar da ke bodi ita ce ta fari, ko wace alama take ɗauke da ita. Manyan motoci masu batir biyu, watau bolt 24, su ma a fara da wayar bodi, sa'an nan a cire gajeriyar da ta haɗa batir da batir.

A kwance notin, a murɗa bakin wayar a hankali har ya fito. Kada a buga da guduma ko a ɓamɓare da ƙarfi, kan batir darma ce, ba ta da wuyar karyewa. A naɗe bakin wayar da tsumma busasshe ko roba, a ɗaure shi gefe don kada ya koma ya taɓa.

In zaman na mako uku ne zuwa wata guda, cire baƙar waya ya isa. In ya fi haka, a ganina gara a fitar da batir ɗin gaba ɗaya. Yana da sauƙin dubawa a ɗaki, ɓarawo kuma ba ya samunsa a rumfa.

Inda za a ajiye shi

A wanke samansa. Wannan farin ko shuɗin garin da ke taruwa a kawunan, ruwan kanwa kaɗan yana kashe shi, za ku ga yana kumfa. Sai dai a tabbata murafun gidajen suna rufe sosai, gama in ruwan kanwa ya shiga ciki zai kashe asid ɗin da ake bukata. A ɗauraye, a share ya bushe, a shafa wa kawunan Basilin ko giris kaɗan.

In batir ne mai murafu, a buɗe a duba ko ruwa ya rufe allunan. In ya ragu, tataccen ruwan batir kaɗai za a ƙara, ba na rijiya ba, ba na famfo ba. Kada a ƙara asid. Ruwa ne yake ƙafewa, asid ɗin yana nan. Waɗansu sukan ce a zubar da ruwan duka a ajiye batir a bushe. Kada ku yarda, allunan da suka riga suka jiƙa in sun sha iska lalacewa suke yi. Wanda aka rufe ruf daga kamfani kuwa ba a buɗe shi.

A nemi ɗaki mai sanyi, busasshe, mai shan iska, inda yara ba sa wasa, nesa da murhu, nesa da hatsi da iri. A tsayar da shi daidai, kada ya karkata. Akan ce in an ajiye batir a kan siminti ƙasa za ta shanye wutarsa. Maganar tana da asali a zamanin akwatunan katako da na baƙar roba masu tsattsafo, amma akwatunan yanzu ba sa haka. Duk da haka ni ina sa katako a ƙarƙashi, saboda danshi da kuma asid da kan ɓata daɓe.

In asid ya fantsama a ido ko a fata, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta da yawa, aƙalla minti 15, sa'an nan a tafi asibiti in ido ne.

Duba na wata wata

Ƙaramar mitar auna wuta ba ta da tsada, ya kamata kowace ƙungiya mai injin ta mallaki ɗaya. A auna batir bayan ya huta sa'o'i da dama, ba da an sauke shi daga caji ba. In ya nuna 12.6 ko fiye, a cike yake. In 12.4 ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, lokacin caji ya yi. 12.2 rabi ke nan. In ya sauka zuwa 12.0 ko ƙasa, lalacewa ta riga ta fara, kada a jira ranar kasuwa. Inda babu mita, a kai shi caji kowane mako huɗu zuwa shida, da zafi kuwa mako huɗu. A roƙi mai caji ya yi masa a hankali, kamar amfiya 6 ga batir mai 60. Cajin gaggawa yana dafa shi.

Inda akwai hali, ƙaramin allon sola mai wat 5 zuwa 10 tare da na'urar daidaita caji yana riƙe batir a cike duk tsawon rani. Kada a haɗa babban allon gida kai tsaye ba na'urar, zai ƙafar da ruwan.

Akwai wata al'ada da nake so mu bari. Direba yakan zo ran Asabar ya tayar da injin, ya bar shi yana ƙugi minti biyar, ya kashe, ya ce ya yi wa batir caji. Tayar da injin dizal yana jan wuta mai yawa ƙwarai, minti biyar a tsaye kuwa ba ya mayar da abin da aka ja, balle abin da ya zurare cikin mako. In za a tayar, a fita da motar a yi tafiyar rabin sa'a ko fiye. In ba za a iya ba, gara a bar ta a kula da batir daban.

Amma duk wannan ba zai yiwu ba in an ce "ƙungiya" ce za ta yi. Abin da na lura shi ne, kayan taro kowa yana tsammani wani ne yake dubawa. A zaɓi mutum ɗaya a taro, a rubuta sunansa a littafin ƙungiya. A manna 'yar takarda a jikin batir, duk ranar da aka auna ko aka yi caji a rubuta kwanan wata da abin da mita ta nuna. A ware kuɗin cajin tun lokacin kaka, sa'ad da akwai kuɗi a hannu, ma'aji kuma ya kawo takardar a kowane taron wata.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu ko uku kafin lokacin huɗa, a yi wa batir caji na ƙarshe, a mayar da shi, a ɗaure shi da ƙarfensa don kada ya riƙa tsalle a gona. Wajen mayarwa ana juya tsarin ne: jan waya tukuna, baƙar a ƙarshe. A ɗaure notin har bakin waya ba ya juyawa da hannu. Sabuwar mota za ta manta da agogonta, wani rediyon ma zai nemi lambar sirrinsa, don haka a nemi lambar a takardun motar tun kafin a cire. Injin kuma yana iya yin ɗan rawa na 'yan mintoci kafin kwamfutarsa ta daidaita. Sa'an nan a tayar a gwada. In akwai abin da ya lalace, akwai sauran lokacin zuwa gari a dawo kafin ruwa ya zauna.